Majemin Da Bai Taɓa Riƙe Bagaruwa Ba

Ran wata Lahadi da la'asar, kasuwar Illela ta fara watsewa, sai wani attajiri mai sayen fata, mutumin Darna Sabon Gari, ya tsai da ni a bakin rumfarsa. Da muka gama gaisawa ya ce, "Malam, ka zo daidai. Yaron nan nawa ya taso mini da wata magana, na rasa kanta. Wai in ba shi jari zai fara jima."

Na ce, "Alhaji, ai wannan abin murna ne, ɗan mai fata ya nemi jima."

Ya yi dariya ya ce, "Jimar ba a majema take ba. Cikin wayarsa take."

To, jama'a, tun daga ran nan na yi kwanaki ina zama da yaron, yana nuna mini, ina tambaya, har na fahimci abin gwargwadon iko. Na ga ya kamata in rubuta shi a nan, domin irin wannan roƙo zai shiga gidaje da yawa, kuma uban da aka roƙa ya cancanci ya san abin da zai zuba da abin da zai kwasa kafin ya kwance bakin aljihu.

Wasan da yaron ke yi sunansa Albion Online. Wani kamfani ne na birnin Balin ta Jamus, mai suna Sandbox Interactive, ya fito da shi a 2017. A 2019 aka mai da shiga cikinsa kyauta, a 2021 kuwa aka kawo shi cikin wayar hannu, watau daga nan ne ya sami hanyar isowa irin garuruwanmu. Abin da ya raba shi da sauran wasanni shi ne kusan dukan kayan da ke cikinsa, takobi ne ko sulke, takalmi ne ko jaka, 'yan wasan ne ke ƙera su da kansu, su kai kasuwa, wani ya saya. Akwai mafarauta masu kawo ɗanyar fata, akwai masu sare itace, da mahaƙan tama, da maƙera, da madinka, da fatake. Kuɗin ƙasar azurfa ce, a samanta kuma akwai zinariya. Mutum yana kwance a ɗakinsa nan Darna, yana ciniki da wani da ke Masar ko Turkiyya, ba wanda ya san fuskar wani.

Ƙasar wasan tana da manyan birane biyar a kewaye, da wani na shida a tsakiya mai suna Caerleon. Kowane birni da kasuwarsa dabam, farashin nan ba shi ne na can ba. Kowanne kuma da aikin da ya fi albarka a cikinsa: Thetford narkar da tama, Lymhurst zare, Fort Sterling katako, Bridgewatch sassaƙar dutse, Martlock kuwa jima. Masu wasan sun yi wata dabara a nan: birnin da ya fi kyau da jima ba a samun dabbobin fata a dajinsa. Sai an ɗauko ɗanyar fata daga wajen Bridgewatch an kai Martlock. Da na gaya wa Alhaji wannan sai ya kaɗa kai, domin shi ma haka yake yi. A nan ake tara fatar jan akuyar Sakkwato, a sa mata gishiri, a ɗaure, amma manyan injinan jima suna Kano, a Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Kowane kaya yana da daraja, daga ta 1 zuwa ta 8. Mai son ya jeme fata mai daraja ta 4, sai ya kawo ɗanya biyu ta wannan daraja, ya haɗa da jemammiya guda mai daraja ta 3. Ita kuma ta ukun ba ta samuwa sai da ta biyu. Ba a kuma barin sabon shiga ya taɓa manyan darajoji, sai ya jeme ƙanana da yawa tukuna hannunsa ya buɗe. Majemar ma ba tasa ba ce. Wani ɗan wasa ne mai ƙarfi ya mallaki filin ya gina, shi ke yanka kuɗin da za a biya shi a kan kowane aiki.

Yanzu ga inda maganar take, sai mai karatu ya ɗan natsu. In mutum ya yi jima a wasan, ba dukan kayan da ya zuba ke ƙarewa ba, akan mayar masa da wani kaso. A lissafin da kamfanin ya kafa, wanda yakan sauya in ya ga dama, mai jima a kowane birni ana mayar masa da kusan kashi 15 cikin 100. In a Martlock ya yi, kusan kashi 37. In kuwa a Martlock ne, ya kuma zuba wani abu da za mu iya kira himma, sai ya kai kusan kashi 54. Ita himmar nan ba ta taruwa sai ga wanda ya biya kuɗin wata, shi ne ake ba awo 10,000 kowace rana, ba ta kuma wuce 30,000 ko ya bar ta ta taru. Sa'an nan ga haraji. Wanda bai biya kuɗin wata ba, in ya sayar da kaya ana cire masa kashi 8, wanda ya biya kashi 4, dukansu kuma suna biyan kashi 2 da rabi na kasa kaya a kasuwa.

Mu yi misali da ƙananan lambobi don a gane. A ce kayan da za a zuba a sami jemammiyar fata guda sun ci azurfa 100, ita kuma fatar ana sayenta 80 a kasuwa. Mai karatu zai ce, wane mahaukaci ne zai sayi ɗari ya sayar tamanin? To, duba. Sabon shiga da ya jeme a garin da ba na jima ba, an mayar masa 15, kayan sun tsaya masa 85. Ya sayar 80, an cire haraji kusan 8, ya karɓi 72. Ya faɗi da 13, ban da kuɗin mai majema. Wanda ya ɗauki wahala ya kai Martlock, kayan sun tsaya masa 63, ya karɓi 72, ya ci 9, a ciki zai biya mai majema. Wanda kuwa ya biya kuɗin wata ya zuba himma, kayan sun tsaya masa 46, harajinsa kusan 5, ya karɓi 75, ribarsa 29. Fata ɗaya, kasuwa ɗaya, rana ɗaya, wani ya yi hasara, wani ya tashi da ƙyar, wani ya ci riba. Dalili kuwa, farashi ba ya bin wahalar sabon shiga, yana bin arahar wanda ya fi kowa sauƙin aiki. Shi tsohon hannu yana iya sayarwa 80 yana murna, saboda haka 80 ɗin za ta zauna. Har wa yau, wanda ya daɗe yana jeme iri ɗaya, himmar da yake kashewa a kan kowace fata tana raguwa ƙwarai, watau da awo 10,000 ɗin nan ɗaya yana jeme ninkin abin da baƙo zai jeme. Wannan kuɗin watan shi ne jarin da yaron ya roƙi ubansa.

Akwai kuma wani abin da ke danne farashi wanda babu irinsa a kasuwarmu. A Illela ba wanda zai jeme fata ɗari don hannunsa ya faɗa kawai, sa'an nan ya zubar da su ko nawa aka taya. A wasa kuwa haka dubbai ke yi. Kowa yana son darajarsa ta hau, ba ta hawa sai da yawan aiki, saboda haka almajiran sana'a suna cika kasuwa da kayan koyo, suna rige-rigen karya farashi. A wani tsohon wasa na Ingila mai suna RuneScape, wanda ya fito a 2001, wannan ya zama sananne: sau da yawa abin da aka ƙera ya fi kayan ƙirarsa araha, 'yan wasan ma lissafinsu shi ne nawa za su yi hasara kafin su kai daraja kaza. A da, yaro yakan zauna gun maigidansa baduku shekaru, yana ci yana sha, yana biya da aikin hannunsa. A nan almajiri ne ke ciyar da kansa, ya sayi kayan koyo, ya kuma biya mai rumfa.

Wanda ya ga jima ba ta fisshe shi, sai ya koma fatauci, don riba mai kauri tana wajen ɗaukar kaya daga inda suke araha zuwa inda suke tsada. Ana ɗora kaya a kan sa, masu hali kuma a kan giwa. Tsakanin biranen nan biyar akwai hanyoyi masu dama-dama. Amma kasuwar da ta fi biya tana Caerleon, inda wasan da kansa ke sayen makamai da tufafin da 'yan wasa suka ƙera, hanyar zuwa can kuwa ta ratsa ƙasar da aka halatta fashi. Wanda aka kashe a nan, duk abin da ke jikinsa da na bisa dabbarsa ya zama na wanda ya kashe shi, ba alƙali ba ɗan doka. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san dalilin da ya sa ake tafiya ayari da madugu. 'Yan wasan ma sun gano haka, sukan haɗa ayari su ratsa tare. Sai dai ɗan Darna yana da wani maƙiyi da ɗan Jamus ba shi da shi. Babbar na'urar da ke riƙe da wasan na wannan sashe na duniya, wadda aka buɗe a watan Afrilu na 2024, tana Amsterdam ta ƙasar Holan. In sabis ya ɗauke maka a tsakiyar daji, sanka yana nan tsaye da kaya, kai kana ɗaga waya sama kana neman layi. Yaron ya ce mini sau biyu haka ta same shi, aikin mako guda ya tafi.

Duk wannan lissafin cikin waya ne. Na waje fa? Wasan ba ya tafiya a ƙaramar waya, sai mai ƙarfi. Yana cin data, ga shi a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Yana shan batir kamar raƙumi a bakin rijiya, mai shagon caji kuma ba kyauta yake yi ba, balle tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 janareta ya zama abin lallashi. Ba mu kuma manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Wanda ya biya kuɗin wata a irin wannan lokaci, kwanakinsa suna ƙirguwa ko ya shiga ko bai shiga ba. A bisa dukan waɗannan akwai wanda ya fi su tsada, shi ne lokaci. Na tambayi yaron sa'a nawa yake yi a rana, ya ce uku. Ƙanensa da ke gefe ya ce shida.

A ce ma yaro ya jure, ya ƙware, azurfa ta taru miliyan bisa miliyan. Me zai saya da ita? Zai sayi sa mafi ƙarfi, da sulke mafi kyau, zai kuma iya canza azurfar zuwa zinariya ya biya kuɗin watan gaba ba tare da ya taɓa naira ba. Wannan gaskiya ne, akwai masu yin haka, shi ne kuwa iyakar ribar da dokar wasan ta yarda da ita. Naira tana da ƙofar shiga, ba ta da ta fita. Kamfanin ya hana sayar da azurfa da kuɗin gaske, wanda aka kama kuwa rufe asusunsa ake yi, da dabbobi da kaya da darajar da ya yi shekara yana tarawa. Akwai masu yi a ɓoye, ba a musu. Mutanen Benezuwela, da kuɗin ƙasarsu ya lalace, da yawa sun ci abinci da tara zinariyar RuneScape suna sayar wa 'yan Amurka da Turai, har da wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar a watan Maris na 2019 sai da kasuwar cikin wasan ta girgiza. Mu mutanen bakin iyaka ba sai an yi mana bayanin fasa-ƙwauri ba. Mun san yana biya, mun kuma san yadda mai yinsa ke kwana. Bambancin kawai, a nan mai tsaron iyakar shi ne mai ƙasar, shi ne mai kasuwar, shi ne kuma mai buga kuɗin.

Wannan na ƙarshe ya fi damuna. Da aka rufe iyakar Illela a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 aka buɗe. Aka sāke rufewa a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris na 2024. Attajirai sun sha wuya ƙwarai, amma wanda ke da buhun wake a rumbu, wakensa yana nan, in ya rasa mai saye ya dafa ya ci. Dukiyar wasa kuwa rubutu ce a littafin wani. Ran da ya ga dama ya ƙara haraji, kamar yadda masu tsohon RuneScape suka sa kashi 1 a babbar kasuwarsu a ƙarshen 2021, suka mai da shi kashi 2 a 2025. Ran da ya ga dama ya rage ƙarfin wani takobi, maƙerin da ya tara ɗari ya wayi gari ba mai taya su. Azurfar kanta kullum sabuwa ke ɓuɓɓugowa, duk dodon da aka kashe sai ya zubar da wata. Malamai masu duba tarihi sun san labarin wuri. Baturen nan Barth da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canza liyari guda wuri 2,500, amma da jiragen Turawa suka yi ta jibgo wuri daga wajen Zanzibar, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zama ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye shi.

Wani zai ce, ai akwai wasannin da aka buɗe ƙofar fita, ana canza abin da aka samu zuwa kuɗi a fili. Akwai. Wanda ya fi suna shi ne Axie Infinity na wani kamfanin Biyetnam. A 2021 ba a shiga sai an sayi 'yan dabbobi uku, a lokacin kuwa kuɗinsu ya kai ɗaruruwan dala. Talakawan Filifin da ba su da wannan jari suka riƙa karɓar aron dabbobin daga masu hali ana raba abin da aka samu, kamar dai yadda ake ba makiyayi kiwo. An ci riba muddin sababbi suna shigowa suna sayen dabbobi. Da shigowa ta ragu, kuɗin wasan da ya kusa kai santi 40 na dala a tsakiyar 2021 ya dawo bai kai santi guda ba a 2022, a watan Maris na shekarar kuma ɓarayi suka kwashe dukiyar da ta haura dala miliyan 600 daga ma'ajinsa. Nan gida ma mun ga ƙanin wannan. A 2024 ba majalisar da za ka wuce ba ka ga samari suna dannan fuskar waya saboda Hamster Kombat. Da aka raba kuɗin ran 26 ga Satumba, da yawa abin da suka samu na watanni bai wuce 'yan daloli ba, wasu ko kuɗin datarsu bai fito ba. Hukuncin irin wannan ciniki na malamai ne, ban shiga ba. Nawa lissafi ne kurum.

Amma kada in zalunci yaron, domin na ga wani abu a wajensa da ban zata ba. Yana da ɗan littafi da yake rubuta farashin birane shida safe da yamma. Ya san kada ya sayi ɗanyar fata lokacin da majema suka yi yawa a kasuwa. Ya san bambancin kasa kaya ka jira mai saye da sayar wa wanda ya riga ya taya. Yana cire haraji da kuɗin majema a ka kafin ka ƙifta ido, ya kuma tsinci Turancin ciniki wanda makaranta ba ta ba shi ba. Akwai 'ya'yan attajirai da suka shekara goma a rumfa ba su iya rabin wannan ba. A ganina wannan ita ce ribar da ke iya ƙetare iyakar wasan ba wanda ya kama ta, ana kuma samunta ba tare da an biya kuɗin wata ba, tun da shiga kyauta ce. Mai son ya biya don nishaɗi, kamar yadda wani ke biyan kuɗin kallon ƙwallo, wannan tsakaninsa da aljihunsa. Sunan jari ne dai ban yarda a sa masa ba.

Lahadin da ta kewayo na koma rumfar Alhaji na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya kira yaron ya ce, "Kawo littafin nan naka." Ya duba, ya juya shafi biyu uku, bai ce kome ba. Can sai ya nuna tarin fatun da aka ɗaure za a kai Kano, ya ce, "Yi mini lissafin waɗannan kamar yadda kake yi wa na wayarka. Kuɗin saye, da gishiri, da 'yan dako, da mota, da abin da ake bayarwa a hanya, da waɗanda za a ce sun lalace."

Yaron ya durƙusa, ya yi ta tambaya yana rubutawa. Da ya gama ya ɗago kai ya ce, "Baba, ashe kai ma ba ka cin abin da nake tsammani."

Alhaji ya ce, "Sai yau ka sani? Jibi kai za ka bi motar."

Kuɗin watan dai bai bayar ba. Da na wuce shagon caji bayan sallar isha'i na tarar da yaron a kan benci, waya na jone da wuta, yana kora sansa daga Bridgewatch zuwa Martlock da ɗanyar fata.